Kwamfutar da Ta Yi Kwanci

A ofishin nan mai tebur bakwai, ba wanda ya san halin kwamfutar da ke bakin taga sai mai ita, wato mai buga takardu, wanda kowa ke kira Sannu-Sannu. Sunan kuwa bai zalunce shi ba. Shekara goma sha tara yana buga wasiƙun kamfanin jigilar kaya da yatsu huɗu, bai taɓa kuskuren harafi ba, bai kuma taɓa gama takarda a ranar da aka ba shi ita ba. Halin kwamfutar shi ne, in ya kashe ta ƙarfe biyar, allo ya yi baƙi, fanka ta yi shiru, ɗan jan hasken da ke ƙarƙashin maus ba ya mutuwa. Tun bara ya lura da haka. Da yake mutum ne mai gudun magana, sai ya riƙa kifa wani tsohon fayil a kan maus ɗin kafin ya tashi, ya bar wa cikinsa.

Maganar da yake gudu ta shugabar ofis ce. A gabanta Madam ake ce mata, a bayan idonta kuwa Kashe-Wuta. Tun da aka sa wa ofishin sola da manyan batura, wuta ta daina ɗaukewa, ma'aikata suka mai da wurin gidan caji, kowa ya zo da wayarsa da ta matarsa da tocilan maƙwabci. Madam ta yi maganinsu. Ta sa aka rufe kowane soket na bango da murfi mai sukurori, aka kulle filogin kwamfutoci cikin akwatunan ƙarfe a ƙarƙashin tebura, duk cajar da ta kama kuma sai aljihun teburinta na sama. Ƙarfe biyar na yi za ta ja labule, ta kashe fitilu, ta bi tebur-tebur tana leƙe kamar mai neman allurar da ta faɗi.

Ba don kaza ba, da sirrin ya tsufa a ƙarƙashin fayil.

Kazar ta Innarsa ce, ko a ce tattaɓa-kunnen kajinta. Wasu ƙananan kaji ne baƙaƙe masu tukku, gashi ya rufe musu ƙafa har kan yatsu kamar sun sa safa. Tun yana yaro su yake gani a bayan ɗakinta, ba ta taɓa yarda sun gauraya da na kowa ba. Da ta rasu shekara biyu da suka wuce, 'yan'uwansa suka yi ta kan keken ɗinki da katifa, shi kuwa ya ɗauki kaza da zakara a kwando ya kawo gidan hayar da suke zaune a hawa na biyu, ya yi musu akurki a ƙarƙashin matakala. Matarsa ta yi haƙuri iya haƙuri. Ita ke wanke matakalar, ita ke shan bakin maƙwabta. Da mai gidan ya zo karo na uku a kan carar zakara, ta ce ko zakara ya tafi ko su a kore su, aka yanka zakara. Sannu-Sannu bai ci naman ba. A makon da ya biyo baya kazar ta zuba ƙwai biyar ta kwanta a kai. Kwana tara da fara kwanci, ranar Laraba da safe, ta fito shan ruwa, wani mai babur ya bi ta kanta a bakin ƙofa.

"Allah sarki," in ji matar, tana leƙowa daga sama. "Na tausaya mata, amma ni kam na huta da tsintsiya. Ƙwan fa?"

"Na zubar."

"Ka zubar, Baban yara?"

"Kin taɓa jin na yi miki ƙarya?"

"Ban taɓa kama ka ba dai," ta ce, ta koma ciki.

A daidai lokacin ƙwan na cikin safa biyu, a cikin singiletinsa, suna shan ɗumin tumbinsa. A jakarsa kuma akwai wani abin da ya fi ƙwan haɗari: ɗan bargon ɗumin da ƙaninta ya sayo mata saboda ciwon baya, faɗinsa bai wuce littafi ba, mai igiyar da ake sokawa a ramin USB. Tana banɗaki ya zare shi daga ƙarƙashin matashinta. Mutumin da bai taɓa ɗaukar ko biron ofis ya kai gida ba, sai ga shi ya yi sata ya haɗa da ƙarya kafin ƙarfe bakwai na safe.

Ya riga kowa zuwa ofis. Ya haska ƙwan ɗaya bayan ɗaya da fitilar wayarsa: biyu fayau suke, ba komai, uku kuwa ga jijiyoyi ja sun bazu, ga ɗan duhu a tsakiya yana motsi. Ya jera ukun a kwalin takalmi, bargo a ƙasa, tawul mai ninki huɗu a kai, murfin kwalba da ruwa a gefe, da ma'aunin zafin da suke gwada zazzaɓin yara. Kwalin ya shiga aljihun tebur na ƙasa, igiyar ta fita ta wani rami a bayansa ta shige bayan kwamfuta. Da rana ta yi, kowa ya fita cin abinci, ya kashe kwamfutar don gwaji, ya zauna yana kallon agogo. Bayan rabin awa ya zura hannu. Ɗumi na nan, kamar ƙarƙashin fiffike. Saura kwana goma sha biyu su ƙyanƙyashe.

Ya yi wa kowane ƙwai alama da biro a gefe biyu, yana juya su sau uku a rana. Duk lokacin juyi sai ya sunkuya yana gunaguni wai yana neman sitafila.

"Wai wannan sitafilar taka ƙafa gare ta?" in ji Mai Hatimi, matar da teburinta ke maƙwabtaka da nasa, wadda Madam ta ƙwace wa caja har biyu.

"Tsufa ne," ya ce. "Ni da ita duka."

A gida kuwa neman bargo ake yi ba ji ba gani. Matar ta tuhumi yara, ta tuhumi mai wanki, ta ɗaga katifa sau uku, ta kira ƙaninta a waya ta ce ko aljanu ne suka ɗauke. Sannu-Sannu shi ya fi kowa zafin nema, har ƙarƙashin gado ya shiga da ciki, ya fito da yanar gizo a gemu yana cewa abin da mamaki. Amma in ya ga ta miƙe daga kujera tana dafe da ƙugu tana cije leɓe, kunya takan kama shi har ya kasa haɗa ido da ita. Yakan ce wa ransa kwana kaɗan ne. Yakan kuma tuna cewa in waɗannan ukun suka yi sanyi, ba sauran kazar Inna a duniya, kuma shi ne ya bari suka ƙare a hannunsa.

Ranar Alhamis, kwana goma sha bakwai da fara kwanci, ya sa yatsa zai yi juyin yamma sai ƙwai ɗaya ya motsa da kansa. Daɗi ya rufe shi. Ya kashe kwamfuta, ya ɗauki jaka, yana murmushi shi kaɗai, ya manta da fayil.

Madam ta ja labule, ta kashe fitilu. Tana isowa bakin taga ta tsaya cak.

"Wannan fa?"

"Maus ne, ranki ya daɗe."

"Na san maus ne. Kwamfutar a kunne take?"

"A kashe take."

"In a kashe take, wa ke kallona da jan ido?"

Ta ɗaga maus ɗin, ta juya shi, ta danna kibod, allo bai ce komai ba. Sai ta bi sauran teburan tana ɗaga takardu da kofuna, ta samu wani maus ɗin yana haske, da wani kibod mai ɗan koren ɗigo. Ranta ya ɓaci ƙwarai, irin ɓacin ran mai gadin da aka nuna wa ƙofar baya bayan shekara uku yana tsaron ta gaba. Nan take ta kira mai gyaran kwamfutocin ofishin, ta ce ya zo ranar Asabar ya kashe wannan fitina daga tushe. An ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, to ina ga mai ƙwai a aljihun tebur. Sannu-Sannu ya sauka matakalar ofis ya san asirinsa ya kusa tonuwa, domin mai gyaran ba kowa ba ne illa ƙanin matarsa.

Kowa Injiniya yake ce masa, har 'ya'yansa. Sannu-Sannu ne kaɗai ya ƙi. Tun zamanin da yake zuwa neman aure, wannan ƙanin ya kwance masa rediyo ya kasa mayarwa, shi ke nan ya laƙaba masa Kwance-Kwance, kuma shekara ashirin bai sauya ba, ko a gaban baƙi. Ga shi yanzu mutum ya yi tumbi ya yi furfura a gefen kunne, da shagonsa da motarsa, amma in ya zo gaida yayarsa sai ya ji, "A'a, Kwance-Kwance, yau me za a kwance mana?"

Asabar rabin rana ake yi, ƙarfe ɗaya a rufe sai Litinin. Ƙarfe goma Injiniya ya iso da jakarsa da abin hura iska. Madam ta tsayar da shi a tsakiyar ofis ta ce ya yi bayani kowa ya ji.

"Ba lalacewa ba ce, Madam," ya ce. "Kashe kwamfuta ba ya raba ta da wuta gaba ɗaya. Muddin filoginta na jikin soket, babban allon da ke cikinta, wanda muke ce wa madabod, yana riƙe da 'yar wuta kaɗan yana aika ta ramukan USB. Don a iya tashinta da kibod ne, ko a yi cajin waya tana kashe."

"Caji?" in ji Mai Hatimi, idonta ya yi haske. "Yau shekara nawa ba wanda ya faɗa mana?"

"Kin ji kuma kin makara," in ji Madam. "Ana iya hanawa?"

"Layi ɗaya ne a cikin saitin farko. Minti biyu kowace."

Ya fara daga bakin ƙofa. Ya kunna, ya danna wani maɓalli da sauri, allo ya yi shuɗi, ya sauya layi ɗaya, ya kashe, haske ya mutu, ya matsa gaba. Sannu-Sannu na ƙirga tebura da ido. Da aka zo nasa ya ɗaga hannu ya ce yana tsakiyar wasiƙa mai muhimmanci, a wuce a dawo. Ranar ce kaɗai a shekara goma sha tara da nawarsa ta yi masa rana. Ya sauko daga yatsu huɗu zuwa ɗaya. Ya buga layi ya karanta da ƙarfi, ya goge, ya goge tabarau, ya nemi ƙamus. Aka gama tebur shida, Injiniya ya sha ruwa, ya yi waya biyu, wasiƙa ba ta kai "Bayan gaisuwa" ba. Sha biyu da kwata Madam ta ce ya ajiye ta haka, ko wasiƙar neman aurensa ce.

Wayarta ta yi ƙara, ta koma bakin ƙofa tana amsawa. Injiniya ya durƙusa ya leƙa bayan kwamfutar don ya ga abin da ke soke a jiki. Maus, kibod, firinta, sai wata shuɗiyar igiya da aka naɗa wa jan salatif a wuya. Ya san salatif ɗin, domin da hannunsa ya naɗa shi lokacin da igiyar ta fara tsagewa. Ya bi ta da yatsa har bayan aljihun tebur, ya ja aljihun kaɗan, ya ɗaga murfin kwali. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗago a hankali, fuskarsa cike da wani irin farin cikin da mutum kan jira shekara ashirin kafin ya samu.

"Yaya ta ce aljanu ne," ya ce da raɗa. "Ashe aljanin tabarau yake sawa."

"Rufa min asiri, Kwance-Kwance."

"Wa?"

"Don Allah. Kwana biyu ya rage. Na Inna ne, su kaɗai suka saura."

Dariyar ta ɗan ja baya daga fuskar Injiniya. Ya san tsohuwar, ya sha cin dafaffen ƙwai a hannunta. Ya buɗe baki zai yi magana ke nan sai ga Madam ta dawo ta tsaya a kansu, ta harɗe hannu. Ba yadda za a yi. Ya tura aljihun da gwiwa, ya hau kujera, allo ya yi shuɗi, ya sauya layin, ya kashe. Jan hasken ya mutu. Sannu-Sannu ya ji kamar kazar ce aka sake takewa a gabansa. Ya yi lissafi da sauri: tumbinsa ya riƙe su awa guda a hanya, amma ba zai riƙe su kwana biyu ba, unguwarsu kuma rabonta da wuta tun shekaranjiya.

"Saura taki, Madam," in ji Injiniya.

"Tawa lafiyarta ƙalau. Bar ta."

Ta faɗa da saurin da ya sa ya dube ta sau biyu.

"To bari in hure mata ƙura, tun bara ban buɗe ta ba. Ki ɗan tsaya daga waje, kada ta ɓata miki kaya." Ya ciro wani babban kwali mai hoton kayan gyara daga jakarsa ya ajiye a ƙafar Sannu-Sannu. "Mijin Yaya, tattara min tarkacena a nan ka miƙo min."

Sannu-Sannu bai taɓa yin abu da sauri irin na ranar ba. Kafin Madam ta gama cewa ba sai an hura ba, kwalin takalmi ya shige babban kwali, babban kwali ya shige ofishinta, ƙofa ta rufe, injin hura iska ya kama ihu. Minti goma Injiniya ya fito yana kaɗe hannu, ya ce ya bar kwalin kayansa a kabad ɗin ƙarƙashin teburinta, bayan kwamfuta, zai ɗauka ranar Litinin, kada a girgiza shi. Madam ta dube shi. Shi kuma ya dubi silin.

A matakala Injiniya ya ba Sannu-Sannu labari yana riƙe ciki. Wai a bayan kwamfutar Kashe-Wuta ba ramin da ba a soke ba sai ɗaya: ga fawa bank na cajin waya, ga fitila mai caji, ga 'yar fankar hannu, ga abin sawa a kunne. Kullum a nan suke kwana suna shan wutar kamfani, ita ta daɗe da sanin sirrin, abin da ya ɓata mata rai kawai shi ne ashe ba kwamfutarta ce kaɗai mai wannan baiwa ba.

"Ramin da ya rage na ba 'ya'yanka. Na huda musu kwali don iska. Ba za ta buɗe ba, mai abin ɓoyewa ba ya son yawan buɗe-buɗe."

"Allah ya saka maka, Kwan..."

"Uhm?"

Sannu-Sannu ya dubi bango, ya dubi takalminsa.

"Injiniya," ya ce, kamar mai haɗiyar ƙwayar magani ba ruwa.

"Ban ji ba, ƙarar injin nan ta toshe min kunne."

Sai da ya faɗa sau uku, ya kuma yi alkawarin maimaitawa a gaban yara.

Lahadi ta yi masa tsawon mako guda. Ya share matakala ba a sa shi ba, ya wanke kwanuka, ya tambayi matarsa yaya baya har sau huɗu, har ta tambaye shi ko wani laifi ya yi.

Litinin ƙarfe tara akan yi taro a ofishin Madam, ita a zaune, su bakwai a tsaye. Ranar ta shigo a makare, ko jaka ba ta gama ajiyewa ba aka taru. Ta fara da albishir: ranar Asabar ta duba ko'ina, ba ko ɗigon haske. Ta ce tarbiyya daga ƙananan abubuwa take farawa, wanda ya saci wutar caji gobe zai saci mota. Ta ce ita ba ta neman kowa ya yi abin da ita ba ta yi. Tana cikin numfasawa sai aka ji wata 'yar siririyar murya daga ƙasa.

Tsiyak.

Sannu-Sannu ya ji hawaye da fitsari sun taso masa lokaci guda. Ya yi tari mai ƙarfi.

Tsiyak. Tsiyak.

"Wayar wa ce a taro?"

"Tawa ce, ranki ya daɗe," ya ce, ya zaro ta. "Yara ne suka sauya min kiɗa."

"Kashe ta."

Ya kashe ta a gaban kowa, ya ɗaga ta sama a shaida. Sai muryar ta dawo, wannan karon su biyu ne, ɗaya na ba ɗaya amsa, kuma ko kurma ya san daga tsakanin ƙafafun Madam suke fitowa. Ta ja kujera baya, ta buɗe kabad, ta fizgo kwalin. Igiyarsa ta sarƙe da sauran, sai ga su sun biyo shi a jere kamar an jawo zaren kaba: fawa bank ya faɗo, fitila ta gangaro tana haske, abin kunne na lilo, 'yar fanka ta bugi ƙasa ta kama juyawa a tsakiyar ofis.

Ba wanda ya yi motsi. Mai Hatimi ce ta sunkuya ta ɗauki fankar, ta riƙe ta a fuska tana shan iska.

"Madam," ta ce a ladabce, "ita ma wannan ƙyanƙyasa take yi?"

Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, Madam kuwa ta fara naɗi da ƙarfi. Ta buga tebur, ta ce wane marar mutunci ne ya mai da mata ofis akurki, ta yage murfin babban kwali, ta ɗaga na ƙaramin. Sai ta tsaya tana kallo. 'Yan tsaki biyu ne baƙaƙe, ɗaya ya bushe ya yi laushi yana tsaye yana tangaɗi, ɗaya jiƙe sharkaf da ɓawo a manne a bayansa. Ƙwai na uku na kwance yadda aka ajiye shi.

"Nawa ne," in ji Sannu-Sannu. Ya matso. "Na mahaifiyata ne. Ta rasu. Irin nasu ya ƙare sai waɗannan. In kora ce, ranki ya daɗe, ki kore ni, amma ki bar igiyar a jiki har wancan ya bushe."

Madam ta dube shi, ta dubi kayanta da ke warwatse a ƙasa, ta dubi fuskoki shida da ke ta faman danne dariya.

"Rufe su mana!" ta daka masa tsawa. "Kana tsaye iska na dukansu. Ba ka taɓa kiwo ba ne? Ke kuma kashe fankar nan."

Ta jawo aljihun teburinta na sama, ta juye cajoji goma sha ɗaya a kan tebur, ta ce kowa ya ɗauki tasa ya ɓace mata da gani, taro ya tashi. Kwalin ya wuni a ƙafarta. Sau biyu Sannu-Sannu ya kawo takarda ya same ta a sunkuye, ta ce biro take nema. Ƙwai na uku bai fashe ba har yamma. Ta haska shi da fitilarta mai caji, ta girgiza kai, ya karɓa ya naɗe a hankici. Ƙarfe huɗu ta ce ya tafi da su tun da sauran rana, ta zare igiyar ta soka a fawa bank ɗinta ta tura masa.

"Saboda hanya. Gobe ka dawo min da shi a cike, kuma ba da wutar kamfani ba."

Ya hau matakalar gidansu rungume da kwali, yana shirya ƙarya yana rushewa. Bai buƙace ta ba. Motar Injiniya na ƙofar gida, shi kansa yana zaune a falo ya miƙe ƙafa yana shan shayi, yara sun kewaye shi, kuma daga yadda kowa ya yi tsit ka san labari ya riga mai shi isowa, da gishirinsa.

"Sannu da zuwa, mijin Yaya. Ba gaisuwa?"

"Sannu, Injiniya," in ji Sannu-Sannu. Yara suka kwashe da dariya har da faɗuwa.

Matar ba ta yi dariya ba. Tana tsaye a ƙofar kicin, hannu ɗaya a ƙugu.

"Ka ce ka zubar."

"Na ce."

"Ka shiga ƙarƙashin gado kana taya ni nema."

"Na shiga."

"Kwana goma sha biyu ina kwana a zaune, bargona na can yana aikin gwamnatin kaji. Kawo in gani."

Ya ajiye kwalin a kan tebur ya ɗaga murfi. 'Yan tsakin sun bushe duka, sun cure wuri ɗaya a kan shuɗin bargo. Ta sa yatsa ta ɗaga ɗaya. Ga ɗan tudun tukku a ka, ga gashi baƙi siriri ya sauko har kan yatsun ƙafa. Ta daɗe tana kallon ƙafar.

"Safar Inna," ta ce a hankali.

Nan Sannu-Sannu ya kasa. Ya zauna a hannun kujera ya cire tabarau ya yi kukan da bai yi ba ranar da aka yanka zakara, bai kuma yi ba ranar mai babur. Kewar uwarsa ce ta taso masa gaba ɗaya. Injiniya ya ga shayinsa na bukatar kallo sosai. Matar ta mayar da ɗan tsakon, ta gyara musu tawul, ta ja kwalin daga bakin taga zuwa lungun da iska ba ta kaiwa.

"Kwana nawa za su yi a kan bargon?" ta tambayi ƙaninta.

"Sai sun yi gashi. Mako huɗu, ko biyar."

"In ɗaya zakara ne, kai za ka ajiye shi a bayan shagonka. Ba na son ganin mai gida a ƙofata."

"Ni kuma? Me na yi?"

"Kai ka huda kwali." Ta jawo kwalbar man zafi daga kan firji, ta dangwara ta a cinyar mijinta, ta juya masa baya ta zauna a ƙasa a gabansa. "Kai kuma share hawayen ka murza hannunka ya yi ɗumi. Mako biyar, safe da yamma. Kuma a nan kaɗai na yarda ka yi sannu-sannu."